Kwatanta Furotin ɗin Ɓera da na Mutum a Binciken Cututtukan Gado: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da sababbin masu bincike ke yawan yi idan suka fara ɗora jerin furotin na mutum a kan na ɓera domin fahimtar wata cutar gado. Amsoshin farko na share fage ne. Wanda ya riga ya saba da BLAST, manhajar neman jerin da suka yi kama da juna, yana iya tsallakawa zuwa tambayar lambobin wurare.

Mene ne jerin furotin, kuma me ake dubawa idan an ce an kwatanta?

Furotin sarƙa ce da aka ƙulla da amino asid iri 20, kuma ƙwayar gado da ke cikin DNA ce ke tsara wanda zai biyo bayan wane. An ba kowane amino asid harafi guda: V balin ne, E gulutamik asid, A alanin, har ashirin ɗin su cika. Margaret Dayhoff ce ta shimfiɗa wannan tsari don kwamfutocin zamaninta su iya ɗaukar bayanan. Saboda haka a kan allo jerin furotin layin haruffa ne kawai. Na beta-gulobin, ɓangaren himogulobin na jini, yana da haruffa 146, na CFTR, wanda lalacewarsa ke jawo ciwon sistik faiburosis, 1,480, na distirofin, furotin ɗin tsoka, 3,685.

Kwatantawa ita ce a sa layin mutum a sama, na ɓera a ƙasa, a yi ta matsa su har haruffan da suka dace su haɗu, inda ɗaya ya fi ɗaya tsawo kuma a bar giɓi. Abin da mai binciken cuta ke nema shi ne wurin da sauyin majiyyacinsa ya faɗa: a inda mutum da ɓera suka yi tarayya ne, ko a inda dama can suka saɓa? Ana fifita furotin a kan DNA a wannan aiki saboda haruffan DNA da yawa suna iya canzawa ba tare da amino asid ɗin ya motsa ba, tunda rukunoni 64 na haruffa uku-uku ne ke wakiltar amino asid 20 da alamar tsayawa.

Me ya sa ɓera ya zama ma'auni, ba biri ko kifi ba?

Biri ya yi kusa da yawa. Furotin ɗin cimfanzi da namu kusan ba sa bambanta, don haka idan ka ga wuri bai canza ba tsakaninmu da shi, wataƙila lokaci ne kawai bai ba shi damar canzawa ba. Kifi da ƙuda kuma sun yi nisa, wasu furotin ɗinmu ma ba a gane takwarorinsu a can. Ɓera yana tsaka-tsaki. Masana na ƙiyasta cewa zuriyarsa da tamu sun rabu shekaru miliyan 75 zuwa 90 da suka wuce, tazarar da ta isa wuraren da ba su da muhimmanci su sassauya, masu muhimmanci kuma su fito fili.

Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi: ana iya gwaji a kansa. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, yana balaga a mako shida zuwa takwas, rayuwarsa ba ta cika wuce shekara biyu da kaɗan ba. Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies sun sami kyautar Nobel a 2007 saboda hanyar kashe ƙwayar gado guda ɗaya a ɓera, daga 2013 kuma CRISPR, hanyar yankewa da gyara DNA, ta rage aikin shekaru ya koma na watanni.

To, nawa ne kamannin? Ina jin ana cewa kashi 99, wasu su ce 85, wasu 80.

Duk ukun suna da asali, abin da suke ƙirgawa ne daban. Sun samo tushe ne daga lokacin da aka wallafa jerin DNA na ɓera a mujallar Nature a Disambar 2002. Kashi 99 cikin ɗari yana nufin ƙwayoyin gadon ɓera da ke da wani dangi a jikin mutum, na kusa ko na nesa. Kashi 80 su ne masu takwara guda tak da za a iya nunawa da yatsa. Kashi 85 kuwa daidaiton haruffan DNA ne a sassan da ke tsara furotin. Idan aka zo kan amino asid, tsakiyar ƙididdigar takwarorin ta tsaya a kashi 78.5.

Wannan adadi na tsakiya ba zai amfane ka sosai ba, domin tazarar da ke gefensa biyu tana da faɗi. Histon H4 da yubikwitin da kalmodulin da beta-aktin ko harafi ɗaya ba su bambanta ba tsakanin mutum da ɓera. Distirofin yana wajen kashi 90, CFTR wajen 78. BRCA1, wanda sauyinsa ke ƙara haɗarin sankarar mama da ta ƙwan mace, kashi 58 kacal ne, kuma babu wanda zai ce ba shi da muhimmanci. Furotin ɗin garkuwar jiki da na haihuwa su ne suka fi saurin sauyawa. Ƙaramin adadi sau da yawa labarin irin aikin furotin ɗin yake bayarwa, ba darajarsa ba.

Ta yaya zan tabbatar furotin ɗin ɓeran da na samo shi ne takwaran nawa na gaskiya?

Nan ne kuskure ya fi tsada, domin duk abin da aka gina a kan takwaran da ba shi ba ya rushe. Walter Fitch ya raba abu biyu a 1970. Otolog su ne ƙwayoyin gado biyu da suka fito daga kaka ɗaya suka rabu lokacin da jinsunan biyu suka rabu. Paralog kuma su ne waɗanda suka samu ta hanyar kwafi a cikin jinsi guda. Otolog kake nema. Paralog na iya kama da naka ƙwarai, aikinsa kuma ya riga ya karkata wani wajen.

Gwaji mafi sauƙi shi ne na zuwa da dawowa: ka nemi furotin ɗin mutum a cikin na ɓera, ka ɗauki wanda ya zo na farko, ka mayar da shi ka nema a cikin na mutum. Idan ya dawo da kai inda ka fara, alama ce mai kyau. Bayan haka ka duba maƙwabta a kan kuromosom. Mutum na da kuromosom 23 bibbiyu, ɓera 20, amma manyan yankuna sun riƙe jerin maƙwabtansu, kuma takwara na gaskiya yakan zauna tsakanin maƙwabta iri ɗaya. Ensembl da MGI, rumbun bayanan ɓera na ɗakin bincike na Jackson da ke Bar Harbor a Amurka, sun riga sun yi wannan aiki ga mafi yawan ƙwayoyin gado.

Kada ka dogara da suna. A al'ada ana rubuta na mutum da manyan haruffa, CFTR, na ɓera kuma Cftr, amma takwaran TP53, ƙwayar gadon furotin p53 mai hana sankara, a ɓera sunansa Trp53. Akwai kuma inda takwara guda babu shi sam, an yi bayaninsa a tambayar ƙwayoyin gadon da ɓera ba shi da su.

Ina ake samun jerin, kuma da me ake jera su?

UniProt, rumbun jerin furotin na intanet, shi ne wuri na farko, musamman sashensa na Swiss-Prot da mutane ke tantancewa da hannu tun 1986. Beta-gulobin ɗin mutum yana ƙarƙashin lamba P68871, p53 na mutum P04637, na ɓera P02340. Idan kana tace sakamako da jinsi, lambar mutum 9606 ce, ta ɓeran gida 10090.

BLAST, wanda ya fito a 1990, na nema ne: yana tsinto gutsattsarin da suka fi dacewa ya watsar da sauran. Shi ya sa adadin da yake bayarwa kan yi zaƙi fiye da gaskiya idan rabin furotin ɗin kawai ya rufe, sai ka duba tsawon abin da ya rufe kafin ka yi murna. Idan takwarorin biyu suna hannunka, ka jera su daga farko har ƙarshe da hanyar Needleman da Wunsch ta 1970, wadda manhajar EMBOSS Needle ke amfani da ita. Jinsuna da yawa a lokaci guda kuma aikin Clustal Omega ne da ire-irensa.

Sakamako ya ba ni adadi biyu, na daidaito da na kamanni. Wanne zan ɗauka?

Daidaito yana ƙirga wuraren da harafi ɗaya ne sama da ƙasa. Kamanni yana ƙara wuraren da haruffan suka bambanta amma halinsu ɗaya, kamar lusin da aisolusin, ko laisin da arjinin masu caji iri guda. Jadawalin maki ne ke yanke wanda ya yi kama da wane, wanda aka fi amfani da shi kuma shi ne BLOSUM62 na Steven da Jorja Henikoff, 1992. Ka rubuta daidaito, domin ya fi tsayawa wuri ɗaya idan aka canza jadawali. Idan ka kawo kamanni, ka faɗi jadawalin.

Sauyin majiyyaci yana wuri na 175, amma a ɓera wani harafi ne daban a 175. Me ya faru?

Lambobin ne suka goce. Ƙaramin giɓi ɗaya a farkon furotin yana ture duk lambobin da ke bayansa. Sauyin R175H na p53, wato arjinin na wuri na 175 ya koma histidin, ana samunsa a sankara iri-iri da ciwon gado na Li-Fraumeni, amma a ɓera sunansa R172H. R273H kuma ya zama R270H. Sauyin FOXP2 da aka gano a 2001 a wani dangi mai matsalar furta magana R553H ne a mutum, R552H a ɓera. Hanyar kaucewa ita ce ka nemi wurin a cikin jerin da aka daidaita, ka karanta haruffa biyar na gabansa da biyar na bayansa, sannan ka karɓi lambar da ɓera ya ba shi.

Ko a mutum kaɗai lamba na iya zama biyu. Likitocin jini suna kiran sauyin sikila E6V saboda suna ƙirgawa daga furotin ɗin da ya gama nuna, bayan an yanke metiyonin na farko. Rahoton ɗakin gwaji na zamani zai rubuta p.Glu7Val saboda ya ƙirga da shi. Abu ɗaya ne. Sai kuma ƙwayar gado mai fitar da furotin dogo da gajere: idan ka jera dogon na mutum da gajeren na ɓera, za ka ga babban giɓi ka ɗauka bambancin jinsi ne.

Wurin da sauyin ya faɗa bai canza ba a ɓera. Ke nan shi ne ya jawo cutar?

Alama ce, amma mai rauni. Tunda kusan huɗu cikin kowane wuri biyar iri ɗaya ne a jinsunan biyu, ko da ka rufe ido ka nuna wani wuri, mai yiwuwa ka same shi bai canza ba. A furotin kamar beta-aktin kuwa maganar ba ta da ma'ana ko kaɗan, kowane wuri haka yake. Hujjar tana ƙara nauyi ne idan aka faɗaɗa: kaza, kwaɗo, kifi, ƙuda, har yis mai kumbura burodi. Harafin da ya tsaya cik a cikin dukkan waɗannan ya fi wanda ɓera kaɗai ya riƙe.

A ƙa'idojin fassara sauye-sauyen gado da ƙungiyoyin ACMG da AMP na Amurka suka fitar a 2015, an sa irin wannan hujja ta kwamfuta a mataki mafi ƙasa. Abin da ya fi ta shi ne a ga sauyin yana bin masu cutar a cikin dangi, a ga ba ya yawo a cikin lafiyayyu a gnomAD, rumbun sauye-sauyen gadon mutane masu yawa, a kuma gwada aikin furotin ɗin a ɗakin bincike. Ba a sanar da iyali cewa an gano dalilin ciwon ɗansu don kawai ɓera ya riƙe harafin.

Na ga akasin haka: ɓera lafiyayye yana ɗauke da ainihin harafin da aka ce yana jawo cuta a mutum. Rahoton ƙarya ne?

Wani lokacin haka ne, an yi gaggawar ɗora wa sauyin laifi. Amma ba kullum ba. Misalin da ya fi shahara shi ne alfa-sinukiliyin, ƙaramin furotin mai amino asid 140 a ƙwaƙwalwa. A 1997 aka gano cewa sauyin A53T, alanin ya koma tireyonin, yana haddasa cutar Parkinson ta gado a wani babban dangi ɗan asalin Italiya da wasu iyalai na Girka. Babu shakka a kan wannan. Amma kowane ɓera a duniya da tireyonin yake zuwa a wuri na 53. Masu binciken da suka wallafa jerin DNA na ɓera a 2002 sun bi dubban sauye-sauyen da aka danganta da cututtuka: a kusan kashi 90 ɓera na ɗauke da harafin mutum lafiyayye, amma a wurare 160 harafin cutar ne a jikinsa.

Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne amino asid ba ya aiki shi kaɗai. Furotin yana naɗewa, harafin da ke nesa a kan layi ya zo ya jingina da wannan. Idan ɓera ya canza harafi ɗaya ya kuma canza abokin jinginarsa, lafiya lau. Kamar kwaɗo da mabuɗi ne: a canza su tare ƙofa ta buɗu, a canza mabuɗi kaɗai a kwana a waje. Alfa-sinukiliyin na ɓera ya bambanta da namu a wurare bakwai, ba a 53 kaɗai ba. Ga kuma gajartar rayuwa: cutar da ke jiran shekara arba'in ba ta da lokacin kama dabbar da ke mutuwa a shekara biyu.

APOE, furotin mai jigilar kitse, ma haka. Nau'in E4 na mutum yana ƙara haɗarin cutar Alzheimer. A wurare biyun da ake rarrabe nau'o'in mutum da su, ɓera E4 yake kama. Amma yana da tireyonin inda mutum ke da arjinin na 61, wannan kuma ya sa halinsa ya fi kusa da na E3.

Za a iya nuna misali ɗaya harafi da harafi?

Ga haruffa takwas na farkon beta-gulobin. Na mutum: V H L T P E E K. Na ɓera: V H L T D A E K. Shida sun dace, biyu sun saɓa, ɗaya daga cikin biyun kuma shi ne wuri na 6, wurin sikila. Mutum na da E a nan, ɓera na da A.

Wanda ya tsaya a kan wannan kwatance kaɗai zai ce wuri na 6 ba shi da muhimmanci, tunda ɓera ya canza shi yana kuma yawonsa lafiya. Da ya yi kuskure a kan cutar gado ta farko da aka bi har zuwa amino asid guda, aikin Vernon Ingram a 1956 da 1957. Abin da aka sa a wurin shi ne magana. Idan balin ne, to da zarar himogulobin ya saki iskar oksijin, balin ɗin yakan shige wani ɗan rami mai gudun ruwa da fenilalanin na 85 da lusin na 88 suka yi a jikin himogulobin na kusa. Ɗaya ya kama ɗaya, su zama dogayen zaruruwa, ƙwayar jini ta lanƙwashe. Idan laisin ne, himogulobin C ke nan, mai sauƙi idan aka kwatanta. Idan alanin ne, harafin ɓera, akwai mutanen da ke ɗauke da shi: ana kiransa himogulobin G-Makassar, da sunan wani birni a Indonesiya, kuma ba ya yin zaruruwa. A 2021 masu bincike sun nuna ana iya gyara harafin DNA guda a mayar da balin ɗin sikila ya koma wannan alanin.

Akwai ƙari. Ɓerayen farko da aka sa wa himogulobin S na mutum, wato na sikila, ba su yi ciwo sosai ba, domin nasu himogulobin yana shiga tsakani ya hana zaruruwan haɗuwa. Sai a 1997 wasu ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Berkeley ɗaya a Birmingham ta jihar Alabama, suka kashe gulobin ɗin ɓera na manya suka bar na mutum kaɗai, sannan aka sami ɓera mai sikila ta sosai.

Furotin ɗin kusan iri ɗaya ne, an kashe shi a ɓera, amma ɓeran bai yi ciwon ba. Ta yaya?

Jeri yana ba da labarin furotin, ba ya ba da labarin jikin da furotin ɗin ke zaune a ciki. HPRT na mutum da na ɓera sun dace sama da kashi 95. Yaron da ya rasa shi yana kamuwa da ciwon Lesch-Nyhan: yurik asid ya taru, motsi ya rikice, ya riƙa cizon leɓɓansa da yatsunsa. Ɓerayen da aka samar a 1987 ba tare da shi ba, ba su yi wannan ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne ɓera na da enzayim mai narkar da yurik asid, wanda zuriyarmu ta rasa. Ciwon Tay-Sachs ma haka: an kashe Hexa, takwarar ƙwayar gadon da ke lalacewa a ciwon, ɓera ya bi ta wata hanyar ya narkar da kitsen da ke kashe jariran mutane.

A sistik faiburosis, ciwon lalacewar CFTR, huhu ne ke kashe yawancin majiyyata. Ɓerayen farko na 1992 toshewar hanji ce ta kashe su, huhunsu bai lalace irin na mutum ba, abin da ya sa aka koma samar da alade a 2008, daga baya da wata dabba mai suna feret. Ɓeran mdx da aka bayyana a 1984 ba shi da distirofin, kamar yaro mai ciwon tsoka na Duchenne. Yaron yakan daina tafiya wajen shekara 12, ɓeran kuwa yana gudunsa kusan har tsufa, domin yutirofin, wani paralog, yana rufa masa asiri, tsokarsa kuma na saurin farfaɗowa. Da aka kashe duka biyun a 1997 sai ciwon ya fito da ƙarfinsa.

Akwai ƙwayoyin gadon mutum da ɓera ba shi da su?

Akwai, haka ma akasinsa. Ɓera ba shi da IL-8 na garkuwar jiki, ba shi da CETP mai jigilar kolestarol tsakanin nau'o'in kitsen jini. Shi kuma yana haɗa bitamin C da kansa da ƙwayar Gulo, wadda tamu ta mutu. Insulin ɗaya muke da shi, shi biyu. Muna da CYP2D6 guda mai narkar da magunguna da dama, shi yana da tarin Cyp2d, babu kuma wanda za a ce shi ne takwara tak.

Wanda ya fi shafar cutar gado shi ne SMN. Mutum na da SMN1 da kwafinsa SMN2. Jaririn da ya rasa SMN1 yana rayuwa da ɗan furotin ɗin da SMN2 ke fitarwa, sai dai ya kamu da ciwon shanyewar tsoka na laka. Ɓera Smn ɗaya gare shi, idan aka kashe shi tayin ya mutu tun kafin ya zama wani abu. Dole aka dasa masa SMN2 na mutum kafin a sami abin gwaji, a kan irin waɗannan ɓeraye kuma aka gwada maganin nusinersen da aka amince da shi a 2016.

Yaya kwatancen ke taimakawa wajen zaɓar irin ɓeran da za a samar?

Hanyoyi uku ne a gabanka: ka kashe ƙwayar gadon ɓera, ka dasa sauyin majiyyaci a takwaran wurinsa, ko ka sa ta mutum ɗungurungum. Idan cutar ta rashin furotin ce, kashewa na iya isa. Idan sauyin yana ba furotin wani sabon mugun hali, dasawa ta fi, muddin yankin da ke kewaye da wurin ya dace a jinsunan biyu kuma ka gyara lamba kamar yadda aka nuna a misalin p53.

Idan yankin ya saɓa, na mutum ake sawa. Guntun amiloyid-beta, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, na ɓera ya bambanta da namu a wurare uku kacal, na 5 da na 10 da na 13, duk da haka ɓera ba ya tara dunƙulen amiloyid a ƙwaƙwalwa don kansa, shi ya sa ɓerayen binciken Alzheimer ke ɗauke da jerin mutum. Furotin ɗin cutar Huntington yana da gulutamin 7 a jere a ɓera, mutum lafiyayye yakan kai wajen 20, cutar kuma takan tabbata daga 40. Sannan idan magani za ka gwada wanda ke kama wani takamaiman jeri, kamar gyaran CRISPR ko antibodi, ka fara duba ko wannan jerin yana jikin ɓera. Bambancin harafi ɗaya ya isa ya sa magani mai kyau ya zama kamar ba ya aiki.

Kullum daga mutum ake farawa a koma kan ɓera?

A'a. A 1949 aka lura da wasu ɓeraye masu ƙiba fiye da kima a ɗakin bincike na Jackson. Sai a 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da ta lalace, daga baya aka raɗa wa furotin ɗin suna leptin, jerin ɓeran kuma shi ya kai su ga takwaransa na mutum, wanda ya dace da shi sama da kashi 80. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka sami yara biyu 'yan dangi ɗaya da ba su da leptin, masu yunwar da ba ta ƙarewa, allurar leptin kuma ta yi aiki a irin waɗannan yara kamar yadda ta yi a ɓera. Nan jeri da ciwo da magani duk sun dace, abin da ba a samu ba a misalan HPRT da CFTR na sama.

Jerin "ɓera" na wane ɓera ne?

Na zuriyar C57BL/6J ne, ita aka karanta a 2002, ita ce kuma ma'auni har yau. Tana da nata naƙasu: wani yanki na ƙwayar Nnt ya ɓace a jikinta. 'Yar'uwarta C57BL/6N kuma tana ɗauke da sauyi a Crb1 da ke taɓa ido. Sauyi ɗaya na iya ba da sakamako daban a zuriya daban. Ɓeran Min mai lalatacciyar Apc yana fitar da ƙari masu yawa a hanji a zuriyar C57BL/6, kaɗan kuma idan aka haɗa shi da zuriyar AKR. Idan wani bambanci guda ne duk hujjarka, ka duba ko yana nan a sauran zuriyoyin.

Tunda AlphaFold da AlphaMissense sun zo, akwai sauran amfanin jera furotin da hannu?

Akwai. Waɗannan manhajoji, da SIFT da PolyPhen-2 da suka riga su, daga jeri masu yawa da aka daidaita suke koyo, wato aikin nan ne suke yi da faɗi. AlphaFold yana ba ka siffar furotin, sai ka ga ko harafin da ya saɓa yana waje ne yana fuskantar ruwa ko yana binne a tsakiya, ka kuma ga maƙwabtansa na zahiri, waɗanda tambayar alfa-sinukiliyin ta nuna muhimmancinsu. AlphaMissense na 2023 yana ba kowane sauyi maki. Amma makin ba ya gaya maka ko ɓera zai dace da gwajinka, kuma sauyin da ke ƙara wa furotin sabon hali, irin na sikila, yana daga cikin abin da ma'aunin "wuri bai canza ba" ya fi kasa kamawa.

Me ya kamata in rubuta a rahoto don wani ya iya maimaita kwatancen?

Lambar kowane jeri da sigarsa, nau'in furotin ɗin da ka zaɓa idan yana da dogo da gajere, sunan manhaja da jadawalin maki, ko daga farko zuwa ƙarshe ka jera ko guntu, da ranar da ka sauke bayanan, domin rumbunan suna gyara jerinsu lokaci zuwa lokaci. Ma'aunin DNA na ɓera kansa an sabunta shi zuwa GRCm39 a 2020, lambobin wuraren kuromosom na tsohuwar siga kuma ba sa dacewa da na sabuwa. Idan ka ambaci sauyi, ka kawo lambarsa ta mutum da ta ɓera a gefen juna, ka kuma rubuta cikakken sunan zuriyar ɓeran har da harafin ƙarshe, J ko N.